Baƙuwa a Sheffield: Darussan Aikin Rakiya

A gida ba a kafa ƙungiya don a tarbi baƙuwa. Idan aka yi wa mutum canjin wurin aiki daga Gusau zuwa Bauchi ya taho da iyalinsa, kafin sati ya zagayo duk layin an san da zuwan matar. Maƙwabciya ta aiko yaro da kwanon abinci, ita ma ta mayar da kwanon da ɗan wani abu a ciki. Wata ta leƙo aron rariya, alhali tana da tata, so take ta ga fuska. A haihu a gida na uku a biya mata zuwa barka, a wurin suna a sa ta a adashi, ranar Asabar a ja ta Islamiyya. Babu wanda ya zauna ya tsara wannan. Haka muka taso muka gani, shi ya sa ba mu ɗauke shi a bakin komai ba sai da muka zo inda babu shi.

A Ingila ƙofa a rufe take. Ba mugunta ba ce, mutanen Sheffield ma an san su da fara'a, direban bas zai gaishe ki, tsohuwa a layin biyan kuɗi za ta yi wa jaririnki wasa. Amma a tarbiyyarsu, ƙwanƙwasa ƙofar wanda bai gayyace ka ba shiga hanci ne. Maƙwabciyarki tana jin kukan ɗanki ta bango, tana tausaya miki, kuma ladabin da ta sani shi ne ta ƙyale ki. Saboda haka abin da ke zuwa wa mace a sauƙaƙe a Kano ko Maraɗi, a nan sai an gina shi da hannu: a nemi ɗaki, a sa rana, a cika takarda, a dafa shayi.

Su ma sun san da wannan giɓin. Tun 1973 wata mata mai suna Margaret Harrison ta fara Home-Start a Leicester, inda iyaye masu aikin sa-kai ke ziyartar gidajen da ke da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, sau ɗaya a mako. A nan Sheffield akwai SAVTE, wadda tun cikin shekarun 1970 take haɗa masu sa-kai da baƙin da ba su iya zuwa aji, a koya musu Turanci. A garin nan ne kuma aka fara yunƙurin City of Sanctuary a 2005, kuma a 2007 Sheffield ta zama birni na farko a Birtaniya da ya ɗauki sunan mafakar baƙi. Ni dai ba babbar ƙungiya nake ciki ba. Mu wasu mata ne kawai da muka daɗe a garin, Hausawa da Fulani da Kanuri da wasu 'yan uwa daga Zangon Kumasi, sai Turawa biyu-uku masu ritaya, muna aron ɗaki a wata cibiyar unguwa.

Aikin ya yi mana yawa ne daga 2021. A watan Yulin shekarar aka buɗe bizar da ke bai wa wanda ya gama digiri damar zama shekara biyu yana aiki, a Fabrairun 2022 kuma aka buɗe ƙofar ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje. Sai ga 'yan Najeriya suna ta kwararowa, kowa da mata da yara. Mijin yana jami'a da rana, da dare yana aikin da doka ta ba shi awa 20 a mako lokacin karatu. Da darajar naira ta rushe bayan Yunin 2023, har fam ɗaya ya haura naira 2,000 a 2024, kuɗin makarantar da aka lissafa daga gida ya ninka a hannunsu. Miji ya zama baƙo a gidansa. Matar kuwa tana ɗaki ɗaya a hawa na biyu da goyo, a takardar bizarta an rubuta ba ta da haƙƙin tallafin gwamnati, ga Disamba ta zo, magariba tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu.

Abu na farko da na gane shi ne, ba rashin bayani ke kulle mace a ɗaki ba. Bayani yana nan jibge, a waya, a takardun da ake zurowa ta ƙofa, a allon kowace cibiya. Da yawa cikin matan nan sun yi jami'a, wasu malaman makaranta ne, akwai ma'aikatan jinya. Ka tura wa mace adireshi da lambar bas ka ce ta zo ranar Talata, za ta amsa da “in sha Allahu, Anti,” kuma ba za ka gan ta ba. Ba raini ba ne. Tana tsoron abin da ba ta iya faɗa: yadda za ta shigar da keken jariri bas mutane suna jira, ko a yi mata magana ba ta gane ba a maimaita sau uku. Turancin da aka koya a Zariya daban, wanda ke fita daga bakin ɗan Yorkshire daban. Zuwa da kai ya fi aike, sai mu je har ƙofa mu ɗauko ta.

Wata yarinya 'yar wajen Katsina, ta kusa wata huɗu a garin ba ta wuce kantin kan kwana ba. Na je da safe, na tarar ta shirya tun asuba, ta naɗe jaririn cikin bargo uku har ba a ganin hancinsa. Muka rage ɗaya. A tashar bas na nuna mata sai an ɗaga hannu yake tsayawa, na ce ita za ta ɗaga. Ta ɗaga kamar mai jin kunyar suruki, amma ya tsaya. Ta dafa katinta a na'ura, ta tura keken wurin da aka ware, na nuna mata birkin da ake takawa, don garin nan duk tudu ne da gangara. Muka isa asibitin unguwa don ta yi rajista da likitan da suke kira GP. Matar da ke teburin karɓar baƙi ta nemi shaidar adireshi, yarinyar kuwa babu sunanta a takardar haya, babu a ta wuta. Na ga ta fara ja da baya tana cewa, “Anti, mu tafi kawai, wata rana ma dawo.”

Na ce, “Ƙanwata, tsaya. Faɗa mata abin da muka yi a hanya.”

Ta haɗiye yawu, ta ce wa matar ta san ƙa'idar hukumar lafiya ba ta wajabta shaidar adireshi ko ta biza kafin a yi wa mutum rajista ba. Muryarta tana rawa, amma ta kai ƙarshen jimlar. Matar ta shiga ciki ta yi tambaya, ta fito da fom. Da na yi maganar da kaina da mun gama cikin minti biyu. Amma da ni za ta riƙa nema duk ranar da yaron ya yi zazzaɓi. Mafi wuyar aikin rakiya shi ne ka tsaya a bayan mutum ka kame bakinka, kuma mu manyan mata ba mu saba da hakan ba. A dawowa na sauka tasha biyu kafin tata, na bar ta ta ƙarasa.

Inda kaɗaici ya fi cizo shi ne jego. A gida haihuwar fari ma a gaban uwa ake yi. Kwana arba'in mai jego ba ta ɗora tukunya: ga mai dafa ruwan wanka safe da yamma, ga kunun kanwa, ga gasasshen nama da yaji, ga kaka da ke karɓar jariri da daddare ta ce je ki kwanta. Gida cike da 'yan barka har sai an gaji da su. A nan, idan haihuwa ta zo da sauƙi, kwana ɗaya ko ma ƙasa da haka an sallame ki. Uwarki tana can, biza ba ta samu ba ko kuɗin jirgi ya gagara. Ranar suna a tura kuɗin rago gida, a yanka a can, a turo muku hoto. Miji ya koma aiki. Ki rage daga ke sai jariri sai ƙarar hita.

Ungozoma tana zuwa gida a kwanakin farko, bayan kwana goma zuwa sha huɗu kuma ma'aikaciyar lafiya mai zagayen masu jego ta karɓa. Suna tambaya da gaske yadda uwa take ji a ranta, don hukumar lafiyar ƙasar ta ce fiye da mace ɗaya cikin goma na shiga ciwon damuwa a shekarar da ta haihu. To amma 'yar Hausa ba ta saba kai kukanta wurin baƙuwar fuska ba. Ta share ɗaki, ta turara shi, ta ɗaura ɗankwali, ta yi murmushi ta ce komai lafiya. Sau da yawa ma mijin ne ke fassara, ta yaya za ta ce a gabansa tana kwana kuka? Ga kuma tsoron da ya cika wayoyinmu, cewa da ka nuna gazawa za a ƙwace maka yara. Wannan tsoron ya hana mata da yawa magani. Muna faɗa musu suna da damar neman tafinta kyauta a asibiti, suna iya cewa mace suke so, kuma faɗin “na gaji, ba na barci” ba ya sa a ɗauke ɗan kowa. Haka nan muna faɗa musu gaskiyar ɗaya ɓangaren: barin ƙananan yara su kaɗai a gida don a leƙa kanti, ko dukan da ke barin shaida a jiki, waɗannan kam suna jawo hukuma. A Scotland tun 2020, a Wales tun 2022, ko ɗan marin ladabtarwa ya zama laifi.

Sai muka tsara namu arba'in ɗin, gwargwadon hali. Duk wadda ta haihu, a fitar da jerin kwanaki, kowace ta ɗauki nata. Mai zuwa ta taho da kula: farfesu, tuwon semo da miyar kuka, kunun gyaɗa a fulas. Kuka da daddawa da kanwa ana samu a shagunan 'yan Afirka, in an rasa a jira mai dawowa daga gida. Doka ɗaya muka kafa, ba a ajiye kula a ƙofa a juya. A shiga, a karɓi jaririn, a ce wa uwar ta je ta yi wanka ta rufe ƙofa. Wata mai jego ta fito daga banɗaki ta zauna a bakin gado ta fashe da kuka, ta ce, “Anti, rabon da in yi wanka ba tare da na bar ƙofa a buɗe ina sauraren kukansa ba, tun a asibiti.” Ban ce mata ta yi haƙuri ba. Haƙurin ne ya kai ta nan. Na zuba mata kunu, na tambaye ta ko ta yarda in zauna tare da ita ranar da ma'aikaciyar lafiya za ta dawo, ta faɗi wannan maganar da bakinta.

Akwai abin da ya daɗe yana ba ni mamaki kafin in fahimce shi. Mace za ta yi wata shida tana cin abinci da mu, ba ta ce uffan ba, sai mu ji ta zazzage cikinta gaban ɗaya daga cikin tsofaffin Turawan nan, da guntun Turancinta. Dalilin a fili yake: Baturiyar ba ta san kowa a Funtuwa ba. Mu kuwa, in an bi salsala, wata ƙanwar kishiyar yayarta ce, wata sun yi makarantar kwana da matar wansa. Magana ta fita a Sheffield da azahar, kafin isha'i uwar miji ta ji ta a gida, an ƙara mata gishiri. Yaren da ya haɗa mu shi ne kuma ke sa a ji tsoronmu. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, amma sai da muka mayar da wannan karin maganar rubutacciyar ƙa'ida: abin da aka faɗa a ɗakin nan ba ya fita, ko ga maigida, sai fa in rai ko lafiyar yaro na cikin haɗari, kuma wannan togaciyar ana faɗa wa kowa tun ranar farko. Ba a ɗaukar hoto. An taɓa sallamar mai sa-kai a kan fitar da magana, mace mai kirki da hannun kyauta, bakinta ne kawai ba ya riƙe ruwa. An yi ta jin haushinmu, har yau akwai wadda ba ta amsa sallamata da daɗi.

Na kuma koyi inda iyakata take. Bizar matar da ta biyo miji a rataye take da tasa, wasu mazan kuwa sun san haka sarai. Na ga wanda ya kulle fasfon matarsa a jakarsa, ya riƙe katin bankin da albashinta ke shiga, in ta yi magana ya ce zai sa a mayar da ita gida. Yawancin mazan ba haka suke ba, gajiya da bashi ne suka yi musu katutu, amma irin wancan ɗin akwai su. A dokar Ingila tun 2015 irin wannan danniya a cikin aure laifi ce, ko ba a taɓa lafiyar jiki ba. A nan ne zuciya ke ingiza mutum ya zama lauya, ya ce yi kaza, cike kaza. Kuskure ne mai tsada. Dokar 1999 ta haramta wa wanda ba shi da rajista ba da shawarar shige-da-fice, kuma shawarar “wata ta ce” ta jefa mutane da yawa cikin rami. Aikinmu mu san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, mu raka ta, mu riƙe mata yaro a ɗakin jira. Ƙungiyoyi irin su Southall Black Sisters, da ke wannan gwagwarmaya tun 1979, sun fi mu sanin hanya nesa ba kusa ba. Sulhu irin na gida, a tara manya a ba kowa haƙuri, yana da wurinsa, na kuma ga ya gyara aure. Amma ba a kiran zaman sulhu da mutumin da matarsa ke tsoron komawa gida tare da shi.

Game da mazan kirki kuwa, dabara ce kawai. Wanda ke ɗari-ɗari da barin matarsa ta fita, ba ma jayayya da shi. Mazanmu muke turawa su same shi bayan sallar Juma'a, su ce, “Malam, iyali fa suna zuwa wurin su Hajiya ranar Talata, a bar ta ta leƙa.” Da wuya a ƙi.

Darasin da ya fi yi mini ɗaci shi ne cewa taronmu da kansa yana iya zama wani kullen. Akwai lokacin da ɗakin ya yi daɗi ƙwarai: Hausa zalla, ana kitso, ana ƙunshi, ana cinikin atamfa da turaren wuta, ana muhawarar fina-finan Kano. Mace ta shekara biyu tana zuwa, ta yi ƙiba ta yi haske, amma ba ta san sunan maƙwabciyarta ba, ba ta taɓa magana da malamar ɗanta ba. Mun fitar da ita daga ɗaki ɗaya mun sa ta a wani mai ɗan faɗi. Wasu cikinmu suka ce to mene ne laifi, ai ta samu 'yan uwa. Ni ban yarda ba. Ranar da naƙuda ta kama ta da tsakar dare, ko yaro ya kulle kansa a banɗaki, wadda ke bayan bango ce za ta fara isowa, ba mu da ke wata unguwa ba.

Daga nan muka fara kora su waje, da gangan. Duk wadda ta ɗan zauna da gindinta, a haɗa ta da abu ɗaya da babu Bahaushe a ciki: zaman waƙoƙin jarirai na laburaren unguwa, wanda kyauta ne, ko ajin Turanci, ko taimakawa a rumbun abincin agaji. In yaro ya kai shekara uku, a tuna mata yana da awa 15 na renon gwamnati a mako, kowace irin biza iyayensa ke riƙe da ita, kuma bakin ƙofar makarantar nan ita ce dandalin matan unguwa. A Burngreave da Spital Hill za ta haɗu da Somaliyawa, da 'yan Yaman waɗanda kakanninsu suka zo aikin masana'antar ƙarfe tun shekarun 1950, da 'yan Eritiriya da Sudan. Waɗannan sun riga mu sanin yadda ake zama Musulma mai hijabi kuma 'yar gari, ba tare da an zubar da ɗaya don ɗaya ba.

Hanya mafi sauri kuwa, ga mamakina, ita ce shara. Kowane gida a Sheffield yana da mazubi baƙi na sharar gida, shuɗi na takarda da kwali, ruwan ƙasa na kwalba da gwangwani, kowanne da ranar fitar da shi. Baƙo ya rikita su, maƙwabta su yi ta cika suna batsewa ba su faɗa masa ba. Sai muke ce wa mace ta je da kanta ta tambayi tsohuwar gidan kusa wace rana ce ta wanne. Bature yana son a tambaye shi abin da ya sani. Wata ta yi haka, daga baya ta lura tsohuwar tana fama da gwiwa, sai ta riƙa jawo mata nata mazubin bakin titi tana mayarwa. Da Sallah ta kai mata cincin da dambun nama. Tsohuwar ta rasa yadda ake cin dambun, ta barbaɗa shi a kan dankali, ta ce ya yi. Yanzu ita ke zama da jaririn in uwar za ta ɗauko babban daga makaranta ana ruwa.

Wannan ya nuna mini abin da muka daɗe ba mu lura da shi ba. Matan nan sun gaji da karɓa. Mace da a garinsu ita ake kawo wa kuka, ita ke riƙe da kuɗin adashi, ta zo nan kullum ita ce abar tausayi, kullum “na gode, Allah ya saka.” Yana cin rai. Shi ya sa yanzu tambayar farko da muke yi wa sabuwar zuwa, bayan gaisuwa, ita ce me ta iya. Mai ɗinki ta gyara wa wata zip, malamar lissafi ta zauna da yaran da ke shirin jarrabawa, wadda aka raka asibiti bara ita ke raka wata bana. Sau da yawa ma ta fi mu iyawa, don ba ta manta inda tsoron yake ba, mu kuwa mun fara mantawa.

Yanzu kuma aikin ya sake fuska. Daga 1 ga Janairun 2024 an hana yawancin ɗalibai taho da iyali, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Daga 11 ga Maris na shekarar aka hana masu aikin kula da tsofaffi su ma. Matan da ke zuwa mana yanzu ba masu zaman ɗaki da goyo ba ne. Mata ne da suka taho su kaɗai, karatu ko aiki, suka bar miji da yara a Kaduna ko Jos, suna aikin awa goma sha biyu, suna yi wa 'ya'yansu aikin gida ta waya a cikin bas. Ba su da matsalar hawa bas ko magana da likita. Taronmu na safiyar Talata ne ba ya yi musu, lokacin suna aiki ko suna ramuwar barci. Mun gwada yammacin Lahadi, sai masu yara suka ce gobe makaranta, cibiyar kuma ta ce kuɗin ɗaki a ƙarshen mako ya fi tsada. A zaman da ya wuce an tsayar da cewa za a riƙa yi a gidajenmu bi da bi, wata ɗaya Talata, wata ɗaya Lahadi, zuwa bayan azumi a ga wanda ya fi tara mutane.